Yadda Muka Janye Abokin Aikinmu Daga Bakin Inji Kafin Ya Rasa Hannu

Shekarata goma sha ɗaya ina aiki a wani kamfanin roba da ke Sharaɗa, a Kano. Bokitai muke bugawa da kujeru da butoci. Masu aikin rana su shiga bakwai na safe su fita bakwai na yamma, mu masu dare mu karɓa har gari ya waye. Tun da labarin yadda muka taimaki ɗaya daga cikinmu ya rabu da shan ƙwaya ya fita, ma'aikata ke tare ni, wasu daga Challawa wasu daga Bompai, kowa tambayarsa ɗaya: ta ina kuka fara? Ni babu wanda ya nuna mini ƙofar da ake fara bugawa, na yi ta yawon da bai zama dole ba, na kuma kusa ɓata abota ta shekara ashirin. Shi ya sa zan jero shi yadda ya faru. Ba zan kama sunan kowa ba, domin duk suna raye suna neman abincinsu.

A sashenmu babu wanda bai san wa ke shan me ba. In sha biyun dare ta yi, za ka ga an fara zamewa ɗaya bayan ɗaya zuwa wajen mai shayin bakin ƙofa, wasu shayin ne da gaske ya kai su, wasu kuma tiramol ce za a kora da shi. Akwai masu gadagi, akwai masu wiwi a bayan ɗakin janareta. Mu da ba ma sha muna gani muna kawar da kai, muna kiran wannan rufin asiri. Hujjarmu ita ce mutum yana da iyali, in ka faɗa an kore shi, kai ka raba shi da abincinsa. Na yi shekaru ina jin cewa alheri nake yi.

Wajen ƙarfe uku na wani dare cikin sanyi, muka ji ƙara daga wajen injin niƙa, wanda ake zuba fasassun roba a ciki don a sake narkar da su. Yaro ne ɗan shekara goma sha tara, watansa biyar da fara aiki a matsayin ɗan wucin gadi. Roba ta maƙale a bakin injin, maimakon ya kashe ya ɗauko sanda, sai ya cusa hannu. Da na isa yana tsaye riƙe da tsintsiyar hannunsa na dama, yana kallon wurin da yatsu uku suke ɗazu, ko kuka ba ya yi. Rigata na cire na ɗaure masa. A cikin adaidaita sahun da ya kai mu asibiti ne ya ce mini, "Yaya, biyu na sha, ban ji komai ba sai da na gani." Na san biyun me yake nufi, domin da idona na ga ya saya, awa uku kafin nan. Kamfani ya biya kuɗin ɗinki da magani, aka ba shi ɗan abin da aka ba shi, bai sake dawowa ba. Mahaifinsa ya ce ƙaddara ce, muka yi masa jaje muka watse. Sai daga baya na san cewa akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta shekarar 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa: ma'aikacin da ya ji rauni ya sanar da mai aikinsa cikin kwana 14, mai aikin ya kai rahoto cikin kwana 7, a kuma nemi diyya cikin shekara guda. Babu ɗayanmu da ya san wannan a daren nan, ba mu rubuta komai ba, ba mu riƙe ko takardar asibiti ɗaya ba.

Wanda nake ba da labarinsa ɗan unguwarmu ne, na girme shi da shekara shida, ni na kawo shi kamfanin. Inji ɗaya muke gadi. Yana da mata da 'ya'ya biyu, kuma in ya tashi aikin dare yakan karɓi adaidaita na wani ya ja har azahar, ya yi barcin awa uku ko huɗu ya dawo. Da ƙwayar tiramol ɗaya ya fara, don ciwon baya da gyangyaɗi. Kafin shekara ta zagayo na ga ya rame, yana yawan soshe-soshe, abu kaɗan ya fusata shi, wani lokaci kuma ya tsaya ƙyam yana kallon inji kamar ba ya wurin. Injinmu yana da ƙofar kariya, in ka buɗe ta sai ya tsaya da kansa, amma an daɗe da liƙe makunninta da salatif don a riƙa ciro kaya da sauri a cika adadin da aka yanka mana. Wata biyu bayan abin da ya sami yaron nan, na ga hannunsa cikin mazubi alhali ƙarfen ya fara rufowa. Fizgo shi na yi ta kwala. Ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, ai ina gani." Ba ya gani. Mako guda bayan haka ya faɗi a ɗakin canza kaya yana jijjiga, kumfa na fita a bakinsa. Wani ya ruga neman cokali zai cusa masa, wani ya ce iska ce a kira malam. Daga baya likita ya gaya mana cewa tiramol in ta yi yawa ita ke jawo wannan jijjigar, kuma ba a sa wa mutum komai a baki, a kwantar da shi ta gefe ne a kawar da abin da zai buge shi, in ta wuce minti biyar a garzaya da shi asibiti.

Kuskurena na farko washegari na tafka shi. A bakin ƙofa, gaban mai shayi da mutum kusan goma, na ce masa ƙwaya za ta kashe shi. Ya ce ni ba ubansa ba ne. Mako biyu ko gaisuwa ba ma yi, muna tsaye gefe da gefe awa goma sha biyu. Na yi tunanin zuwa wajen sufabaiza, sai na tuna cewa ƙa'idar kamfani a rubuce take, duk wanda aka samu cikin maye kora ce nan take. Da na je can a ranar, da labarin ya ƙare a nan.

Wajen shugaban ƙungiyarmu ta ma'aikata na je, dattijo ne da ya kusa ritaya, Baba muke ce masa. A gida na same shi ranar Lahadi, ban kama suna ba, na ce akwai wani. Ya ce ya san wanin, ya kuma san wasu bakwai. Shi ya haɗa ni da jami'in kiyaye haɗurra na kamfani, matashi ne da ya yi karatun abin, wanda a da muke ɗauka aikinsa raba safar hannu ne kawai. A ɗan ofishinsa ya ba mu labarin da ya buɗe mini ido. Ya ce a Amurka ma'aikatan jirgin ƙasa sun yi fama da irin wannan rufa-rufa, saboda su ma dokarsu kora ce, don haka babu mai tona ɗan'uwansa. A 1983 ƙungiyoyin ƙwadagonsu suka fara wani shiri a kamfanin Union Pacific mai suna Operation RedBlock, inda ma'aikaci ke iya cewa yau ba zan hau aiki ba domin na sha wani abu, ko abokan aikinsa su janye shi, a tura shi wajen masu ba da shawara ba tare da an kore shi ba. Ranar 4 ga Janairun 1987 jirgin fasinja ya yi karo da wasu kawunan jirgi a Chase, jihar Maryland, mutum 16 suka mutu, aka gano direban kawunan ya sha wiwi. Bayan nan gwajin ƙwaya na ba-zata ya shigo harkar sufurinsu. Ya ce masu bincike da suka bi lissafin wani babban kamfanin sufuri na can shekara da shekaru sun samu cewa shirin abokan aiki haɗe da gwajin ya zo da raguwar raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku. Baba ya saurara har ƙarshe ya ce, "To mu me ya hana mu?"

Abin da ya hana mu manajan ma'aikata ne, ko in ce samun ganinsa. Zuwan farko muka zauna a benci daga goma na safe har azahar, ni ko barci ban yi ba bayan aikin dare, aka ce ya fita. Zuwa na biyu sakatariyarsa ta ce ba a ganinsa da baki, sai da wasiƙa. Muka rubuta a takarda mai tambarin ƙungiya, muka yi kwafi biyu, ta buga hatimin karɓa a namu. Wannan hatimin ku riƙe shi da kyau, domin bayan kwana goma aka ce wasiƙa ba ta iso ba, kwafinmu ne ya yi magana. A zuwa na uku muka shiga. Tambayarsa ta farko ita ce su wane ne. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ba suna muka kawo ba, shawara muka kawo." Jami'in kiyaye haɗurra ya buɗe littafin rajistar rauni ya nuna masa yadda akasarinsu ke faɗowa tsakanin biyun dare da asuba, ya lissafa masa kuɗin asibiti da awannin da inji ya tsaya. Wannan lissafin ne ya ji, fiye da duk maganar tausayi da ni na shirya. Bayan mako uku aka ba mu takarda shafi ɗaya da sa hannunsa. Ta ce ma'aikacin da ya kawo kansa, ko abokan aikinsa suka kawo shi ta hannun ƙungiya kafin wani haɗari ya faru, za a ba shi hutun jinya har mako shida da rabin albashi, a mayar da shi aiki in ya kawo takardar likita. Wanda ya ji ba ya cikin hayyacinsa zai iya neman a ɗauke shi daga inji a daren, a yanke masa kuɗin ranar kawai. Wanda aka kama yana sayarwa a harabar kamfani, ko ya ji wa wani rauni cikin maye, tsohuwar doka na nan a kansa. Sai da takardar nan ta shiga aljihun Baba sannan muka ambaci sunan kowa.

Zama na biyu da abokina mun shirya shi. Mu uku muka je, ni da Baba da wani abokinsa na ƙut da ƙut wanda shi ma ya taɓa sha ya bari. Ranar hutunsa muka zaɓa, bayan sallar asuba, lokacin da bai riga ya sha ba, a zauren gidansu inda babu mai ji. Mun yi alkawari tsakaninmu babu wa'azi, babu kalmar ɗan ƙwaya, kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani kurum. Na ce masa ranar kaza na fizgo ka daga mazubi, ranar kaza ka faɗi, kuma tun daren yaron nan ba na iya barci in na san kana bakin inji. Ya yi shiru yana wasa da bakin tabarma. Baba ya miƙa masa takardar ya ce, "Ɗana, karanta, aikinka na nan." Sau biyu ya karanta. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Na gwada bari sau uku, Baba. Kwana biyu nake yi in ji kamar ana sassare mini ƙashi." Ashe duk tsawon lokacin da nake ganin taurin kai ne, shi tsoro yake ji.

Sai kuma rigimar gida ta taso. Yayansa, wanda shi ne babba tun rasuwar mahaifinsu, ya ce a kai shi gidan mari a ɗaure shi wata uku ya dawo hankalinsa. Na tuna masa abin da aka gani a 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka, aka sake samun irinsa a Daura. Na ce masa mutumin da ya riga ya yi jijjiga, in aka yanke masa ƙwaya rana ɗaya a ɗakin da babu likita, wa zai tashe shi in ya faɗi? Mahaifiyarsu ce ta raba gardamar daga bayan labule, ta ce a kai shi asibiti, addu'a kuma ita za ta yi.

Mun fara da ofishin NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, kuma ni kaɗai na fara zuwa domin shi ya rantse in ya taka wurin kulle shi za a yi. Mutane da yawa ba su san cewa ban da kame, hukumar tana da sashen ba da shawara da gyaran hali ba, tana kuma da layin waya na kyauta da ake kira dare da rana. A ƙofa na ce sashen shawara nake nema, aka rubuta sunana aka nuna mini. Jami'ar da na samu ta ce wanda ya kawo kansa neman taimako a matsayin mai neman taimako ake karɓarsa, amma kada ya zo da ko ƙwaya ɗaya a aljihu. Bayan kwana biyu muka dawo tare. Ta zauna da shi kusan awa guda ni ina waje. Da ta ji labarin jijjigar sai ta ce wannan sai likita ya fara gani, ta rubuta mana takardar turawa zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnati. A bangon ofishinta ne na karanta alƙaluman binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi: mutum miliyan 14.3 a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol ne. Abokina ya daɗe yana kallon takardar.

Ranar farko a asibiti asara muka yi. Mun isa goma da rabi, aka ce an rufe karɓar sababbi, mu dawo jibi. A hanyar komawa ya ce ko alama ce a bar maganar, gabana ya faɗi, domin mai irin wannan hali in ya amince yau ba lallai ya amince gobe ba. Daren jibin a gidansu na kwana. Shida da rabi muna bakin ƙofa, mu ne na tara a layi. An buɗe wajen kati takwas, muka biya naira dubu biyu na kati da fayil a wata taga daban, muka dawo da rasit. Nas ta auna jininsa da nauyinsa, muka koma benci. Zaman nan shi ne mafi wuya a duk tafiyar. Bai sha komai ba tun daren jiya, gumi na keto masa duk da sanyin safiya, yana hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba, ƙafafunsa sun ƙi tsayawa wuri ɗaya. Sau biyu ya miƙe zai tafi, ina riƙe da gefen rigarsa ina ba shi labarin duk abin da ya zo bakina. Kusa da mu wata tsohuwa ce da jikanta, ta miƙo mana ruwan leda ba ta ce komai ba. Sha biyu saura aka kira mu.

Likitan ya tambaye shi nawa yake sha, ya ce ɗaya ko biyu. Likita ya ajiye biro ya ce, "Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da abin da ka faɗa zan auna maganinka." Sai ya faɗi gaskiya: huɗu zuwa biyar a rana, 'yar miligiram 225, wani lokaci da diyazefam in barci ya ƙi. Likitan ya bayyana mana cewa abin da aka amince a sayar a Najeriya mai 50 ne da mai 100, da takardar likita, kuma ko mara lafiya ba a wuce masa 400 a yini, ke nan biyu kacal daga cikin nasa sun riga sun haura iyaka. Ya ce ƙwayar na danne zafi da gajiya, amma tana rage saurin da hannu ke amsa abin da ido ya gani, shi ya sa mai shan ta ke jin ya fi kowa ƙarfi alhali ya fi kowa kusa da rauni. Ya rubuta gwajin jini da na hanta da na ƙoda da na fitsari. A nan ma mun yi tuntuɓe: ɗakin gwajin da muka fara zuwa a waje gwajin fitsarinsu na gama-gari ne, tiramol ba ta fitowa a cikinsa sai an yi wanda aka keɓe mata, dole muka sake biya. Ku tambaya kafin ku ba da kuɗi. Gwaje-gwajen duka sun ci mana kusan naira dubu ashirin.

Saboda jijjigar da kuma haɗawa da diyazefam, likita ya ce kwanciya za a yi. Na zaro biro zan sa hannu, aka ce abokin aiki ba ya sa hannu, sai ɗan'uwa na jini ko mata, da katin shaidarsa. Yayansa yana kasuwar Dawanau, kafin ya iso an tashi. Kwana ɗaya ya sake tafiya a banza. Da na sani da tun ranar farko da shi muka zo. Kuɗin ajiya na gado da abinci da magani ya fi albashinsa na wata, sai muka yi karo-karo a sashe, wanda ke kan layin ɗaukar adashi a watan ya bar masa, ƙungiya ta cika. An ce mu kawo kaya kala uku, bokiti, sabulu, silifas, ban da reza, ban da waya, kuma duk abincin da aka kawo sai an bincika.

Kwana goma sha tara ya yi. Makon farko da na je dubiya bai iya zama ba, ga gudawa, ga ciwon jiki, ga rashin barci, ya ce mini wani lokaci yakan ji kamar lantarki ya ja shi a ka. Ya roƙe ni in fitar da shi, har ya ce na cuce shi. Nas ɗin da ke wurin ta ja ni gefe ta ce kusan kowa haka yake faɗa a kwanakin nan, in yi haƙuri. A mako na biyu na same shi yana cin tuwo, ya tambaye ni wa aka sa a injinmu. Suna zama a rukuni da mai ba da shawara, an kuma kira matarsa sau biyu an yi mata bayani, abin da ya taimaka ƙwarai domin ita a da gani take raini ne ya sa yake mata tsawa.

Takardar likita da kamfani ke buƙata ba ta zuwa da sallama. Sai an rubuta buƙata, a biya kuɗinta daban, a jira. Tamu ta ɗauki kwana takwas, saura kaɗan hutun nasa ya ƙare. Ku nema tun yana kwance. Mun kuma roƙi likita ya taƙaita ta a kan cewa ya yi jinya, ya samu sauƙi, zai iya aiki, da shawarar a ɗauke shi daga aikin dare na wani lokaci, ba tare da zayyana abin da ba ruwan ofis da shi ba. Aka mayar da shi sashen ɗaure kaya da rana na wata uku. Ya bar jan adaidaita, kuɗin shigarsa ya ragu sosai, kuma wannan ramin ba ƙarami ba ne, domin talaucin da ya kai shi ga ƙwayar yana nan yana jiransa a gida. Ranar komawa asibiti duk bayan mako biyu, ɗayanmu ke raka shi.

Ya koma sau ɗaya. Gab da babbar Sallah ne, oda ta yi yawa, an dawo da shi dare, matarsa kuma ta haihu ana shirin suna. Ina sa takalmin aiki ya zo ya tsaya a kaina, idonsa a ƙasa, ya ce, "Yaya, yau kada a sa ni a inji." Ban tambaye shi komai ba. Na je wajen sufabaiza na ce mutum ɗaya zai sauka bisa takardar nan, aka rubuta, aka yanke masa kuɗin dare ɗaya, abokinsa ya raka shi gida. Washegari muna asibiti. Likita bai yi faɗa ba, ya ce koma-baya na cikin ciwon, ya kuma gargaɗe shi cewa jikin da ya huta ba ya ɗaukar adadin da, wanda ya koma kan tsohon adadinsa kai tsaye yana iya rasa ransa. Na yi baƙin ciki a daren nan, amma ina tsaye bakin mazubin ina tuna cewa shekara ɗaya baya da shiru zai yi ya hau.

Yanzu mun kafa kwamitin abokan aiki, mu shida ne, uku dare uku rana, babu shugaba ko sufabaiza a ciki, domin mutum ba ya buɗe cikinsa ga mai iya korarsa. Biyu daga cikinmu sun taɓa sha. Mutum huɗu sun bi hanyar bayan abokina, uku suna aiki, ɗaya ya bar asibiti a kwana na biyar bai dawo kamfani ba, har yau ina zuwa gidansu. Tun daren yaron nan babu wanda ya sake rasa gaɓa a sashenmu, ƙananan yanka da ƙuna ma sun ja baya, mai kula da akwatin magani ya ce bandeji na daɗewa yanzu. Abu uku ne suka haɗu suka kawo haka: mun daina kawar da kai, an ɓare salatif ɗin nan an gyara makunnan kariya, an kuma hana mutum ya haɗa dare da rana a jere. In an janye mai maye daga inji aka bar inji da liƙaƙƙen makunni, mai gyangyaɗi injin zai ci.

Ga wanda zai bi sawunmu, tsarin da abubuwa ke bi shi ne ya fi komai. A samu alkawarin kamfani a rubuce tukuna, sannan a kama suna. A yi magana da mutum a keɓe, lokacin da yake cikin hankalinsa, da bakin waɗanda yake jin nauyinsu. Kada a ce ya yanke da kansa a gida in ya kai ga sha kullum. A je asibiti da sassafe da ɗan'uwansa na jini da kuɗin da ya fi wanda aka zata, a adana kowane rasit. In kuma rauni ya riga ya faru, a rubuta wa kamfani a cikin kwana 14 ɗin nan, a riƙe kwafi da takardun asibiti.

Abin da ya rage mana shi ne 'yan wucin gadi. Takardar manaja ma'aikatan dindindin kaɗai ta ambata, alhali yaran da ake ɗauka ta hannun ɗan kwangila su ne a bakin injin niƙa, su ne kuma suka fi yawa a wajen mai shayi. Yaron da ya rasa yatsunsa ɗaya ne daga cikinsu, yanzu cajin waya yake yi a bakin titi, da hagu yake miƙo canji. Mun rubuta wasiƙa ta biyu muna neman a sa su a ciki, an buga mana hatimi a kwafinmu, an ce mu dawo ranar Alhamis.